Farin ƙyallen Yaya Nura

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Nura. Ban saba rubuta komai a kansa ba, fim ne ya sa ni bana.

Likita ne a Manchester, amma zuciyarsa na wajen wasan dandamali. Ya rubuta wasa guda na waƙe-waƙe, labarin wani mai gidan haya da ke yanka 'yan hayarsa ɗaya bayan ɗaya yana rera waƙa. A wani ɗan zaure a unguwar Levenshulme ta Manchester aka nuna shi. Nakan tsokani Nura da cewa da rana yana ceton rai, da yamma yana kashe mutum bakwai.

Doka ɗaya gare shi. Duk wanda aka kashe a dandamali, sai 'yan amshi sun dakatar da kiɗa sun lulluɓe shi da farin ƙyalle. Nura yana cikin masu wankan gawa a masallacinsu, kuma yakan ce ko gawar wasa ce tana da haƙƙin sutura.

Da masu fim suka zo neman izinin mayar da wasan fim, ni na sa hannu a madadin iyali. Ban kawo maganar ƙyallen ba, don ban tuna ba. Daga baya na tuntuɓi daraktan, ya ce kyamara fuska take so. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Makon jiya muka kalli fim ɗin a Birmingham, ni da Asma'u 'yarsa, wadda ke da shekara goma lokacin da ya rasu. Waƙoƙin suna nan, jini ya yi jini. Na zauna ina jira in ji haushi ko kewa, ban ji komai ba. Da Nura na nan, ban san ko zai tashi ya fita ba. Mai yiwuwa ya tsaya gyara musu yadda jijiyar wuya ke zubar da jini.

Aka yanka ɗan haya na farko, kyamara ta tsaya a kan idanunsa a buɗe, ta daɗe. Asma'u ta taɓa hannuna.

“Baffa, wai ba wanda zai rufe shi? It's not right.”

Ba ta taɓa ganin wasan ba, ba wanda ya gaya mata dokar. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Sunan Nura ya fito a ƙarshen fim da manyan baƙaƙe, ban gan shi a ciki ba. A kujerar kusa da ni na same shi, yana tambayata abin da na manta.