Shamuwar Baba

Jiya da asuba na bi ta bakin ruwan Ras Al Khor a nan Dubai, sai na tarar baƙin tsuntsayen ƙarshen Agusta sun fara sauka. Nan take Baba ya faɗo mini a rai, dattijon nan na Maradi da muka zauna gida ɗaya a unguwar Al Ras.

Duk Juma'a a irin wannan lokaci sai ya sa na kai shi kallonsu. Iska ba ta motsi, riga na manne wa jiki, taɓo na warin gishiri, shi kuwa ko a jikinsa.

Wata rana ya hango wata doguwar tsuntsuwa, baƙa mai farin ciki, tana taku a cikin taɓo.

"Shamuwa ce," in ji shi. "Ruwa ya kusa."

Na duba waya, na ce, "Baba, ba ita ba ce. Wannan daga arewa ta fito, wucewa take. Kuma wane ruwa a Dubai cikin Agusta?"

Ya harare ni. "Na tambaye ka? Khalas, ya isa, bar mini abata." Ya ɗaga mata hannu. "In kin isa wajenmu, ki ce ina nan tafe."

Bai je ba. A nan muka binne shi, cikin yashin da kan shekara bai ga ruwan kirki ba. Har yau ina jin haushin duba wayar nan da na yi.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya saukar wa kabarinsa damina ta rahama.