Ranar da ƙafar gaba ta ƙi kamawa

Ko da zan manta komai na rayuwata, ba zan manta ranar da motarmu ta kafe a rairayi ba, tsakanin ƙauyenmu da bakin kwalta, kan yayana yana kan cinyata. Shekaru sun ja, furfura ta fara fito mini, amma har gobe in na ji ƙarfe yana gurzar ƙarfe a ƙarƙashin mota sai gabana ya faɗi.

Ƙauyenmu yana can bayan Ɗanzomo, inda hanya ba ta da wani suna sai sawun taya a cikin yashi. A lokacin mota ɗaya ce a garin, tsohuwar akori-kura ta Baffa, ƙanen mahaifinmu. Da ita yake kai wa mutane gero da riɗi Gumel, ranar kasuwa kuma ya kwashi tumaki zuwa Maigatari. Irin motocin nan na da, ƙafafun baya ne kawai ke ja a kan kwalta. In za a shiga yashi sai direba ya sauko, ya tsuguna, ya murɗa wani makulli da ke tsakiyar kowace tayar gaba, wanda direbobi ke kira hob, sannan ya koma ciki ya ja ƙaramar giya. Daga nan ƙafa huɗun ke ja tare.

Baffa ya manyanta, ga ciwon gwiwa da ya daɗe yana fama da shi. Da makullan nasa suka cinye, ya kai motar wajen wani bakanike a Gumel. Ina wurin, domin shagon ɗinkina ba shi da nisa da garejin. Bakaniken ya ajiye masa iri biyu a kan bonet. Ya ce, "Baba, wannan na hannu ne, irin naka na da. Wannan kuwa da kansa yake kamawa, kana zaune ka ja giya, shi ke nan. Sai dai in ka yi baya yakan saki, sai mota ta ɗan gusa gaba ya sake kamawa." Baffa ya shafa gwiwarsa, ya ce, "Sa mini wanda ba ya sa tsoho tsugunno." Muka yi dariya gaba ɗaya. Babu wanda ya ga laifin wannan zaɓi, ni ma ban gani ba. Kuma damina guda motar ta yi tana aiki lafiya lau.

Da kaka ta zo na koma gida taya Yaya kakkaɓe riɗi. Shi ne babba a ɗakinmu, shi ya riƙe gonar tun rasuwar mahaifinmu. An yanke riɗin an jingine shi dami-dami ya bushe. Da hantsi Yaya ya sa hannu zai ɗaga wani dami, sai na ji ya yi salati ya ja da baya. Gamsheƙa ce, baƙa wuluk, ta sare shi a wuyan hannu ta sulale cikin kara. Ya dubi wurin, ɗigon jini biyu ne kawai, ya ce mini, "Kira Baffa. Kada a tsaya jiƙe-jiƙe, Gumel za a kai ni."

Muka shimfiɗa tabarma a bayan motar, ya hau da ƙafarsa. Na zauna na ɗora kansa a cinyata. Baffa ya ja giyar tun daga bakin gona, motar ta ɗauka da kyau, muna ta keta yashi. Har Yaya yana ce mini in tabbata an lulluɓe riɗin da aka kakkaɓe saboda awaki. A raina na ce ai an tsira.

Akwai wani kwari a hanyar inda rairayin ya fi zurfi, hanyar kuma ta matse tsakanin shingen gonaki biyu. A nan muka yi kiciɓis da amalanken shanu ɗauke da kara. Babu inda zai ratse, shanun kuma suka toge. Baffa ya yi abin da kowane direba zai yi, ya ɗan ja da baya don ya ba shi hanya. Amalanken ya wuce ta gefenmu da ƙyar. Baffa ya sa giya ya taka.

Sai na ji wata ƙara daga tayar gaba ta hagu, ƙarrr, kamar ana niƙa tsakuwa. Tayoyin baya suka yi ta juyawa suna watso yashi, motar tana nutsewa, gaba kuwa ko motsi. Daga baya ne na fahimci abin da ya faru. Da muka yi baya makullan sun saki. Da aka taka, na dama ya kama, na hagu ya ƙi. In kuwa ɗaya ya ƙi, duk ƙarfin da ke zuwa gaba ta nan yake zurarewa, kamar ba a sa komai ba. Shi makullin yana jiran mota ta gusa ya kama, ita motar tana jiran ya kama ta gusa.

Baffa ya sauko ya durƙusa gaban tayar. Na ga hannunsa ya kai tsakiyarta yana lalube, yana neman abin murɗawa, saboda sabo. Babu komai a wurin sai murfi mai santsi. Ya daɗe hannunsa yana kai, sannan ya fara tonon yashi da yatsu. Mai amalanken ya ɗaure shanunsa ya zo. Suka zare kara daga kayansa suka cusa ƙarƙashin taya, suka rage wa tayoyin iska, Baffa ya koma ya taka. Motar ta yi tsalle ta koma ramin da ta haƙa, ƙarar nan ta sake tashi. Wari ya fara fitowa daga ƙasan motar.

Yaya ya ce, "Baffa, bar ta haka, kada ka ƙone mata kuloci." Muryarsa ce ta ba ni tsoro, ta yi nauyi kamar ta mai magagin barci. Na duba fuskarsa, fatar idanunsa ta sauko, yawu yana bin gefen bakinsa. Ya ce mini, "Ɗaga mini idona, ba na ganin hanya." Na sa yatsuna biyu na ɗaga masa. Ya dubi sama, ya dube ni, ya ce, "Yawwa." Na ƙwalla wa Baffa kira na ce mu bar motar.

Aka ture sauran karan, muka ɗora Yaya a amalanke. Wanda bai taɓa bin tafiyar shanu da mai numfashi sama-sama a hannunsa ba, bai san tsawon hanya ba. Mai amalanken yana dukan shanunsa yana ba su haƙuri. Baffa ya ƙi hawa, wai kada a ƙara musu nauyi, yana biye da mu yana ɗingishi, riƙe da ƙafar Yaya. Na yi ta laƙƙana masa kalmar shahada, leɓensa yana motsi. Can muka fara jin ƙarar manyan motoci a kwalta, har muna hango ƙyallin gilashinsu ta tsakanin bishiyoyi. Na sunkuya in gaya masa mun iso, sai na ga ƙirjinsa ya daina ɗagawa.

Ba mu ƙarasa kwaltar ba. Mai amalanken ya juya kan shanunsa ba tare da kowa ya ce masa komai ba. Muka sake wucewa ta gefen motar, tana nan a karkace, ƙofarta a buɗe. Baffa bai ko kalle ta ba. Bayan la'asar aka yi jana'iza.

Masu ta'aziyya suka yi ta cewa kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne, na yarda da haka har zuciyata. Wani ma'aikacin asibiti ya taɓa ce mini ko da mun isa ba lallai ne ya tashi ba. Baffa dai bai sake zama a bayan sitiyari ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Shanu ne suka jawo motar gida, ta yi ta zama a ƙofar gidansa har kaji suka fara ƙwai a cikinta. Ban taɓa jin wani ya ɗora masa laifi ba, shi ma bai taɓa tayar da maganar ba. Sai dai duk ranar Juma'a zai je gidan Yaya ya zauna a zaure, ya kira 'ya'yan marigayin ɗaya bayan ɗaya ya dafa kansu, ya tashi ya tafi.

Abin da wannan rana ta koya mini shi ne, kayan da ka san wata rana rai zai rataya a kansu, kada ka zaɓe su don sauƙin da za su ba ka a ranar lafiya. Ka tambayi kanka, in abu ya ɓaci, a wurin da babu kowa, akwai abin da hannunka zai iya kamawa ya gyara? In babu, ka ɗauki wahalar, ta fi sauƙin ɗauka.