Sabulun Assoumane da Ruwan Manshiya

A bakin kakata Ouma na fara jin sunan Assoumane, ina ƙarama, a gaban bahon wanki. In ta cuɗa sabulu ya ƙi kumfa, sai ta yarfe hannu ta ce, "To, Assoumane ya iso." Na daɗe ina zaton sunan wata cutar ruwa ce. Ashe mutum ne, rumfarsa na bayan garejin unguwarmu a Manshiya.

Daga Damagaram ya zo, a shekarun da kuɗin fetur ya buɗe, birninmu Sabha na ta tsirar benaye. Abokan tafiyarsa duk ɗaukar siminti suka shiga. Shi kuwa ya ce bai ƙetaro hamada don ya zama jakin kowa ba, yana da sana'ar gado. Uwarsa ta koya masa dafa sabulu da kitse da ruwan toka, sabulun da a garinsu kumfarsa ke kaiwa gwiwar hannu. Ga leburori dubbai, kowa da rigarsa mai datti. Lissafin ba shi da aibu.

Ranar da ya sauke tukunyar farko ya tara jama'a, aka jawo masa ruwan rijiyar unguwa, ya naɗe hannun riga. Ya cuɗa, ya sake cuɗawa. Ko ɗigon kumfa babu, sai wani farin gudaji kamar madarar da ta tsinke, ya bi ya manne a rigar da aka ba shi gwaji. Mai rigar ya juya ta ya ce, "Malam, da dattina na zo, ka ƙara mini naka." Tun daga ranar, Manshiya ta daina ɗaukarsa mai sana'a, shi kuma bai da wani buri sai na wanke sunansa.

Ya zargi kitsen raƙumi, ya koma na tumaki. Ya zargi tokar dabino. Ya zargi bakin mutane, har aka yi masa rubutu ya juye a tukunya. Ruwa kaɗai bai taɓa zargi ba, don a cewarsa ruwa na Allah ne, ba ya ha'inci.

Wata rana dahuwa ta yi kauri, ya rasa abin sassautawa, ya zuba ragowar ruwan duro da rana ta tsotse har gishiri ya yi fari a bakinsa. Sai sabulu ya ware daga ruwan toka ya taso sama, ya daskare da ƙarfi, tas. Bai taɓa yin irinsa ba. Ya kai bakin rijiya da murna, ya cuɗa. Gudaji ne dai. Masu komawa gida suka riƙa sayensa tsaraba don ba ya narkewa a hanya, suna dawowa da labarin cewa can yana kumfa kamar me. Ouma ta ce, "Can kuma ai kowa ma attajiri ne." Ana haka kantuna suka cika da garin wanki na kwali, wanda ke kumfa a kowane ruwa, aka daina ko yi masa gardama.

Sai a sakandare na gane abin. Kowace ƙwayar sabulu tana da kai mai son ruwa da wutsiya mai son maiƙo. A ruwa mai daɗi sukan jeru da kansu su yi ƙwallo, wutsiyoyi ciki riƙe da datti, kawuna waje. Ruwan rijiyarmu kuwa zartsi ne, gishiri iri-iri sun narke a cikinsa, ido ba ya gani. Wasu sukan cafke kawunan su ɗaure su, jerin ya rushe ya zama gudaji. Gishirin da ya kunyata shi a baho, ɗan'uwansa ne ya gyara masa tukunya.

Na karɓo ruwan batir a gareji, wanda aka tace babu gishiri, na kira Ouma muka je rumfarsa. Lokacin ya tsufa. Na juye masa ruwan a baho. Ya cuɗa sau biyu, kumfa ta rufe masa yatsu. Ya daɗe yana kallonta.

"Ka gani, Baba, laifin ruwa ne," na ce.

Ouma ta leƙa bahon. "Ruwan mota? Wannan ko dutse ka jefa sai ya yi kumfa, Assoumane."

Na ɗauka zai yi faɗa. Sai ya gyaɗa kai ya ce gaskiyarta, ruwan kwalba ba shaida ba ne. Ya share hannu, ya zaɓo sabulu guda ya naɗe a tsumma ya miƙo mini.

"Safia, in Allah ya kai ku Damagaram da damina, ki tara ruwan indararo ki wanke ɗankwali da wannan. Amma ki sa tsohuwar nan a gaba. Kuma kar ki bari ta ce ta manta tabarau."