Bakin Tabarmar Malam

Jikanyata ce ke rubuta wannan, ni ban san baƙi ba. Idan na tsaya kuka, ta jira ni.

Malam, mijina, ya girme ni da nisa, amma ba mai yarda. Wata Talata muka je asibiti a Mafara, ma'aikaciyar ta dube mu ta ce masa, "Baba, yayarka ce ba lafiya?" Har muka koma Bakura yana dariya a mota.

"Mi kake shafawa ne?" na ce.

"Ruwan alwala, Yaya."

Daga ranar sunana ya zama Yaya. Shi bai fasa azumin Litinin da Alhamis, masallaci kuwa da ƙafa, ko ana ruwa. Nakan taya shi azumin, mu sha ruwa da fura a ƙwarya ɗaya.

Da ya rasu na yi takaba, ta ƙare, ni ban fito ba. Sallah a zaune, azumin nafila na ajiye, don ba zan iya kallon ƙwaryar nan ni kaɗai ba. Gwiwoyina suka sandare.

Jikanyar nan, mai aikin jinya a Maradun, ta zo ta tarar da ni a ƙuryar ɗaki. Ta jawo tabarmar sallar Malam, wadda na saƙa masa da kaba.

"Tsohuwa, mi ya sa kika ɗinke mata baki?"

"Don kar ta warware, sarkin tambaya."

Ta ce to jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kowace da irin wannan ɗaurin baki a cikinta. Shekaru na cinye shi, damuwa da kaɗaici na ƙara masa sauri. Masu bincike, in ji ta, suna ganin natsuwar ibada da shiga jama'a na iya rage saurin.

"In haka ne, don mi ya riga ni tafiya?"

Ta shafa bakin tabarmar. Sannan ta ce, "Wannan ajali ne, Kaka, ba mu karanta shi ba. Amma ke bakinki ya fara warwarewa, kuma ba ni da allurarsa."

Na zage ta, na yi kuka, na kuma yi dariya.

Litinin ta gaba na ɗauki azumi. Na gaya wa Ubangijina ba don ƙuruciya na yi ba, wa zan yi wa ita yanzu? Da yamma na dogara sanda zuwa gidan maƙwabciyata, ita ma mijinta ya rasu, da ƙwaryar a hannuna. Muka yi magariba, raka'a ɗaya a tsaye, biyu a zaune.

Da muka zauna shan fura ta ƙura min ido ta ce, "Wallahi kin tsufa, Yaya."

Ban san ta taɓa jin sunan ba. Ashe katangarmu gajera ce.