Fom ɗin Idona da Ya Isa Wayam

A shekarar da yana ta rufe mini ido biyu, har na kai ga zuba kanwa a miya ina zaton gishiri ne, aka yi shela a unguwarmu cewa wasu likitocin ido za su sauka Daura su yi aiki kyauta. Amma ba a zuwa da ƙafa a bi layi kamar da. Sai an cike fom ta intanet, an haɗa da hoton takardar asibiti, sannan a ba mutum lamba. Kwana goma aka bayar. Wanda bai samu lamba ba, sai wata shekarar, in da rai.

Ni ban yi boko ba. Autata ta ce mijinta zai yi. Mijin nan nata ma'aikacin wani kamfani ne, irin masu rataya katin aiki a wuya ko ta'aziyya za su. Surukina ne, don haka tun da aka ɗaura aure ban taɓa kallon fuskarsa ba, ban taɓa kama sunansa ba. In ya zo gaisuwa, a zaure yake tuɓe takalmi, ya durƙusa bayan labule, in amsa ina fuskantar bango. Duk maganar da ta wuce "lafiya lau", sai ta bi ta bakin 'yata.

Ta kai masa takardar asibitina, ta dawo da amsa. Wai abin asibiti ba a yin sa a waya kamar cinikin ƙosai, a kwamfutar ofis zai yi, inda intanet ke da ƙarfi da tsaro. To. Aka tura, kwamfuta ta ce an karɓa. Aka jira lamba, shiru. Aka sake turawa, ta sake cewa an karɓa. Aka jira, shiru.

Rana ta shida na ce a ja ni. Autata ta riƙe hannuna har inda masu rajistar suka kafa tebur. Wata ma'aikaciyar jinya, mai muryar manya, ta duba ta ce babu sunana. 'Yata ta faɗa mata ranakun da aka tura da lokutan. Matar ta ce lalle a lokutan nan saƙo biyu sun shigo, amma wayam, ba suna, ba gari, ba hoto. Sai ta tambaya ko daga ofis aka turo, don sun gaji da ganin irin wannan. Ta ce manyan ofisoshi suna da wata na'ura da duk abin da zai fita sai ya bi ta gabanta, kamar mai gadi. In ta ga takarda da hoto, sai ta ɗauka sirrin kamfani ake fita da shi, ta zazzage kayan ta bar buhun ya wuce. Kwamfutar masu rajistar kuma buhu kawai take gani, ta ce an karɓa. Ita matar kuma ba a ba ta ikon sa suna da hannu ba. A je a tura da waya.

Ni da ban san bihim ba, nan take na gane. Na yi shekaru ina aika daddawa kasuwar Mai'adua, na san mota kan isa kaya bai isa ba. Sai dai wayar 'yata ƙarama ce mai maɓalli, takardar kuma tana cikin aljihun teburin mijinta.

Autata, da na haifa da cikina, ta tsaya gaban mijinta ta kasa ce masa ofishinsa ne mai laifi. Cewa ta yi, sun ce a sake gwadawa. Shi kuma ya koma kan kwamfutar nan tasa mai tsaro, ya aika musu buhu na uku, har da aiko mini da saƙo cewa in yi haƙuri, mutanen asibitin ne ba su san aiki ba. Mai digiri ke nan. Sau uku yana zuba ruwa a kwando, bai taɓa duba gindin ba.

Rana ta goma ta faɗo Juma'a. Da aka sauko daga masallaci ya zo gaisuwa, ya durƙusa bayan labule. Na amsa. Sai na ɗaga murya, ina magana da 'yata.

"Ke auta, matar nan ta asibiti cewa ta yi a sake gwadawa, ko cewa ta yi a bar kwamfutar ofis?"

"Inna, don Allah."

"Tambayarki nake yi. Yanar a ido take, ba ta shiga kunne ba."

Ta yi ƙasa da murya. "Cewa ta yi a tura da waya."

"To, mai waya a aljihu ya ji."

Ban ji "a huta lafiya" ba, ƙarar takalmi kawai na ji. Ya je ya ɗauko takardar, ya tura da wayarsa, kafin la'asar lamba ta shigo. Amma ta ƙarshen layi ce. Masu lambar farko an yi musu ido ɗaya, sun huta, an kira su an yi ɗayan. Mu na baya, ɗaya aka yi mana likitocin suka naɗe kayansu.

Matan unguwa suka yi ta yi da ni, wai na zubar da kunyar surukuta a tsakar gida. Shi kuma na ji yana gaya wa mutane cewa ranar ce sabis ya gyaru. Wata huɗu bai taka zaurena ba, sai dai ya aiko a gaishe ni. Idon dama yana nan a rufe har yau. Da na hagu nake tsince tsakuwa a shinkafa, in na karkata kai.