Turancin da Inna Ƙamus Ta Tsinta

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da Turanci a sakandare, ina ji da kaina, har ranar da aka kwantar da Baba a ɗakin maza na asibiti, gado na huɗu daga ƙofa. A nan na san Inna Ƙamus.

Aikinta goge ƙasa. Gajeriya ce, bokitinta mai karyayyen hannu ne da ta ɗaure da waya, ko sunanta ba ta iya rubutawa, sai dai ta dangwala yatsa. Amma in babban likita ya jefa wata magana ya wuce, masu jinya har da sababbin nas wurinta suke zagayowa. Daga nan sunan ya bi ta.

Da farko na raina ta, ba zan ɓoye ba. Wata safiya na ji tana gaya wa wata mata cewa tunda likita ya ce mijinta ya "turn the corner", ta kwantar da hankalinta, ya tsallake rijiya da baya. Cikin isa irin ta malamai na tambaye ta wane littafi ta karanta. Ta ce littafinta gadajen nan ne, shekara ashirin da shida tana leƙa ƙarƙashinsu. In ta ji sabuwar magana ba ta tambayar kowa. Sai ta riƙe ta a ka, ta riƙe lambar gadon, ta zuba ido ta ga abin da zai biyo baya. Sai ta ga abu ya faru sau uku take yarda ta san maganar. Haka ta gane "under the weather" ba ruwansa da hadari, 'yar kasala ce, "touch and go" kuwa rai kwakwai mutu kwakwai. Na bi ta da ƙamus ɗin wayata ban kama ta da kuskure ko ɗaya ba, kuma Allah ya sani na nema.

Ran Talata babban likita ya duba Baba, ya dafa kafaɗata ya ce mu bi abin "one day at a time". Wannan kam na sani, na sha koyar da shi: a bi a sannu, ban da gaggawa. Na buga wa Yaya waya, shi da ke aiki tafiyar kwana biyu daga nan, na ce ya yi zamansa sai ƙarshen wata. Shekara uku shi da Baba ba su ga juna ba, kan wata 'yar tsama da kowa ya ƙi sauke kai.

Inna tana goge ƙarƙashin gado na biyar. Ta bari na gama, ta biyo ni baranda.

"Malam, ma'anarka daidai ce," in ji ta. "Amma sau goma sha huɗu na ji likitan nan ya faɗe ta, kullum da hannu a kafaɗa. Cikin marasa lafiyar babu wanda ya ƙara mako biyu a duniya. Rai na Allah ne, ni dai abin da na gani na faɗa. Kira yayanka, ɗana."

Raina ya ɓaci. Ranar Baba har tashi ya yi zaune yana tsokanar nas. Na ce a raina, yau mai goge-goge ce za ta yi mini fassara? Sai dai sau ukun nan nata ya ƙi barina, na sake ɗaukar waya.

Yaya ya iso ran Juma'a. Ya durƙusa gaban gado. Baba ya kama kunnensa ya murɗa kamar yadda yake yi mana muna yara, ya ce, "Sai yanzu?" Kwana huɗu suka samu, Yaya ke masa aski, shi ke yanke masa farce. Ran na biyar Baba ya cika.

Har yau ina tuna Inna Ƙamus. Da na koma yi mata godiya na tarar tana matse tsumma a bakin ƙofa. Ta yi mini ta'aziyya.

"Sha biyar ke nan, Malam," ta ce. "Na so a ce wannan karon ni ce na yi kuskure."

Ta ɗauki bokitinta ta shige, don likita ya fara zagaye.