Haƙorin Da Ba Ki Gama Cikewa Ba

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Litinin, tara ga watan Yuni, da hantsi, ina harabar kotu aka kira ni aka ce kin yanke jiki kin faɗi a ɗakin aikinki, kina wanke hannu bayan kin sallami wani dattijo. Kafin in isa asibiti rai ya yi halinsa. Likitoci suka ce zuciya ce. Yaya, ke da ko ciwon kai ban taɓa jin kin yi kuka da shi ba!

Jama'a sun san ki da cire haƙori da cikewa. Ni lauya ce, kuma ba ciwon haƙori ne ya haɗa mu ba. Wata rana kika faɗo ofishina, ko zama ba ki yi ba, kika ɗaga hoton muƙamuƙin wata mata a gaban taga kika ce, "Ke uwar magana, an ce kin iya doka. Matar nan ta ce ƙofa ce ta buge ta. Wace irin ƙofa ce take karya haƙori ta hagu, bayan wata biyu ta dawo ta karya ta dama?" Tun daga ranar sunan ya bi ni, ni kuma na bi ki.

Ke kika fahimtar da ni abin da ban taɓa tunani ba. Matar da aka hana zuwa gidan iyayenta, aka hana ta kasuwa, aka ƙwace wayarta, akwai wuri guda da dole a kai ta, domin mai ciwon haƙori ba ta barin kowa ya runtsa. Shi ya sa kika fitar da kujerar ɗan rakiya daga ɗakin duba marasa lafiya. Duk mijin da ya biyo matarsa, sai ki tare ƙofa da murmushi ki ce, "Maigida, a yi haƙuri, ɗakin namu ya yi ƙanƙanta." Sai kin rufe ƙofar sannan ki tambaye ta a hankali wanda ya yi mata haka.

A bayan ɗakin akwai wani ɗan sito, cike da kwalayen safar hannu da auduga. A nan kike tara mu duk ranar Alhamis: ni, da wata 'yar sanda, da likitar ƙwaƙwalwa, da malamar jami'a mai nazarin zaman iyali. Kai, mun sha faɗa a sitonki! Ni ina neman hujja, 'yar sanda tana neman wadda za ta kawo ƙara da bakinta, likita tana cewa mu bari baiwar Allah ta samu barci tukuna, malama kuma tana son gane abin da ke mayar da su gidan da suka gudo. Idan muka cika ki da hayaniya sai ki buga kwali ki ce, "Ni baki kawai nake gani, ke doka kawai kike gani. Mace ɗaya ce fa, kada ku yanka ta gunduwa-gunduwa." Malama ce ta nuna mana cewa lokacin da mace ta fi shiga haɗari shi ne lokacin da ta ƙudurta tafiya. Daga nan na koyi rage gaggawa, ni da ban iya jira ba.

Ba duka muka tsira da su ba. Akwai wata malamar makaranta da ta koma domin 'ya'yanta, ba a yi nisa ba muka je muka ga gawarta. Washegari kin buɗe asibiti kamar kullum. Ba ki yi kuka a gabanmu ba, kin dai ce a ƙara kujera a sito domin wata matar da za ta zo.

Yanzu kin tafi kin bar mu da matar nan mai sana'ar ɗinki. Kin san ta, mai 'ya'ya biyu, wadda mijinta ke kawo ta ya zauna a mota yana duba agogo. Turmin haƙorinta ya fashe, aikin zama ɗaya ne a wurinki. Amma kika faɗa mata gaskiya: "Idan na cike shi duka yau, ba zai sake kawo ki ba. Idan na sa ciko na wucin gadi, zai riƙa zubewa, kuma zai yi zafi. Zaɓi naki ne." Ta cire audugar da ke bakinta ta ce, "Likita, ki bar shi ya yi zafin." Duk zuwanta sai ki kunna injin aikinki ki bar shi yana ƙara shi kaɗai domin na mota ya ji, ita kuwa tana sito tare da mu. Mun samar mata wurin fakewa ita da yaran, na shirya roƙon da zan kai kotu, 'yar sanda ta san hanyar da za a bi. Abin da ya rage kawai ta ce mana ta shirya, a Alhamis ɗin da ba ki kai ba.

Mijin nata ya zo gaisuwa, Yaya. Da fararen kaya, har da sunkuyar da kai. Ya riƙe hannun maigidanki ya ce, "Allah ya jiƙanta, ta yi mana ƙoƙari. Haƙorin ma ya warke, ba sai mun dawo ba." Wallahi ina tsaye ina ji, ban iya cewa uffan ba, domin kalma ɗaya daga bakina a jikinta za ta ƙare.

Ranar Alhamis mun buɗe asibitin. Abokiyar aikinki, likitar haƙori, ta kira mijin mai ɗinkin ta ce akwai sauran aiki, ya ce an gode, ya kashe waya. 'Yar sanda ta ce idan ta je ta ƙwanƙwasa ƙofar gidansu, matar ta fito a gabansa ta ce lafiya lau, to mun ƙara mata azaba ne. Muka zauna a kan kwalaye har la'asar, ba ta zo ba. Abokiyar aikinki ta ce cikon da kika sa ba ya daɗewa, dole ya zube. Shi kaɗai ya rage mana.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarki, da maigidanki, da 'ya'yanki, da matan da ba za su iya fitowa su yi gaisuwarki ba. Allah ya gafarta miki, ya yalwata kabarinki, ya sa ayyukanki su zame miki haske, ya ba iyalinki haƙurin wannan rashi. Ina kuma da wata addu'ar da ban taɓa zaton zan yi wa ɗan Adam ba. Ya Allah, ka tsare ran mai ɗinki, ka sa haƙorin nan ya yi mata ciwo da wuri.